Tiyon Iska da Kunnen Baba

Zuwa ga ƙanena, Autan Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da takwarata. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa a wurin aikinka, ya sa albarka a cikin abin da kake nema. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, sai dai in ta ga baƙo ta ɗauko ta don a tausaya mata. Baffa yana nan yadda ka san shi, bakinsa ba ya hutawa. 'Yan ajina sun gama jarrabawar gwaji, goma sha ɗaya daga cikinsu sun faranta mini rai ƙwarai. Hoton takwarata da ka turo na sa an wanke mini shi, yana kan teburina a ofis, duk wanda ya shigo sai na nuna masa haƙoran nan biyu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne na san halinka. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka jefo abin da zai ba ni dariya, daga nan kuma an wuce wurin. Tun kana aji uku haka kake kuɓuce mini. Wannan karon ba na son in yi dariya. Abokin aikinka da ya zo ganin gida zai koma jibi, shi zan danƙa wa takardar. Ka sami wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, domin maganar kunnen Baba ce, kuma akwai abin da nake so ka yi kafin ranar Laraba, sha huɗu ga wata.

Ba sai na tuna maka matsayin kunnen dama a wurin Baba ba. Shekara arba'in ke nan yana ɗora bakin doguwar sukudirebar nan tasa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnen dama, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu, can sai ya ɗago ya faɗi inda ciwon yake ba tare da ya kwance ko ƙusa ɗaya ba. Don haka duk garejin suke ce masa Mai Kunne, har wasu ba su san yana da wani suna ba. Da wannan kunne aka ciyar da mu, aka kai mu makaranta. Kai ma a gindinsa ka koyi sana'ar da ta kai ka ga injinan jiragen ruwa. To wannan kunnen ne yanzu yake a kan siraɗi.

Bari in faro daga farko, ko da yake akwai sashen da ka fi ni sani. Makonni uku da suka wuce Baba ya fara cewa yana jin kamar an cusa masa auduga a kunnen, muryarsa tana yi masa amsa-kuwwa a cikin kai. Ranar Litinin na nemi izini a makaranta na kai shi asibitin da ke bayan tasha. Nas ɗin da muka samu ɗalibata ce ta dā, yarinyar nan da muke ce wa Sarkin Tambaya saboda ba ta barin darasi ya ƙare ba ta ɗaga hannu sau uku ba. Ni na rubuta mata takardar shaida lokacin da za ta shiga makarantar koyon jinya. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta leƙa kunnen da 'yar fitilarta, ta ce dauɗar kunne ce ta taru ta daskare kamar murfin kwalba. Ta tambaye shi ko akwai zafi, ko ruwa na fita, ko kunnen ya taɓa fashewa, duk ya ce a'a. Da ta tambayi da me yake sosa kunne, sai ya zaro makullin mota daga aljihu ya nuna mata da alfahari, ya ce in makulli bai kai ba akwai ashana. Ta yi dariya har da riƙe baki. Ta ce a riƙa ɗiga man zaitun mai tsabta, ɗigo biyu ko uku safe da yamma har kwana biyar, ranar Asabar a dawo ta fitar da abin cikin minti goma. Ta kuma ja mana kunne cewa a rana ta biyu ko ta uku zai ji kamar toshewar ta ƙaru, domin dauɗar tana shan mai tana kumbura kafin ta yi laushi, kada hakan ya tsorata mu.

Ni da hannuna nake ɗiga masa, kafin in fita da kuma in na dawo. Ranar Laraba kuwa, kamar yadda ta faɗa, kunnen ya ƙara rufewa. A ranar ce aka kawo wata babbar mota gareji mai wata ƙwanƙwasa da ta gagari kowa, mai ita ya ce shi Mai Kunne ya zo nema. Baba ya kara kunne bai ji komai ba, ya dawo yana huci, ya ce maganin 'yan boko ya mayar da shi kurma. Na lallashe shi, na ce saura kwana uku kacal. Ranar Alhamis da la'asar na shigo gida na tarar da shi kwance a falo ido a rufe, Baffa zaune gefensa ya yi tagumi, Umma kuma tana bakin famfo tana cuɗa wuyan rigar aikinsa. Jini ne a jikin rigar. Baba ya ce ɗakin yana juya masa, kuma akwai wata ƙara a kunnen kamar injin da aka manta ba a kashe ba. Baffa ne ya yi bayani. Ya ce tun ɗigon safe Baba yake kukan zafi, da rana tsaka sai kunnen ya ɓalle da jini. Na dubi Umma, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da wanki. Na ɗauka tashin hankali ne ya hana ta magana.

Da safiyar Juma'a kai ka kira ni, Auta. Ina fata ba ka manta abin da ka faɗa ba, don ni ban manta ko kalma ɗaya ba. Ka jajanta mini, ka ce kada in zargi kaina, niyyata mai kyau ce. Sannan ka ce in je asibitin nan in nuna musu cewa Baba ba marar gata ba ne. Na kuwa je. A gaban marasa lafiya cike da benci, a gaban babbar nas ɗinsu, na tsaya na zazzage wa yarinyar nan abin da ban taɓa faɗa wa ɗalibi ba a shekara ashirin da biyu da nake koyarwa. Na tambaye ta ko a ajina ta koyi gwaji da iyayen mutane. Na ce na yi nadamar sa hannu a takardarta. Idonta ya ciko, amma ba ta mayar mini da ko ɗaya ba. Abin da ta ce kawai, cikin ladabi, shi ne Malama ta yi haƙuri a bari likitan kunne ya duba Baba tukuna.

Likitan dattijo ne marar yawan magana. Ya sa wata 'yar na'ura ya tsotse dauɗar da jinin a hankali, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce dodon kunnen ya yage. Ya tambayi Baba ko an mare shi, ko taya ta fashe kusa da shi, ko an zura wani abu. Baba ya kafa wa ƙasa ido. Ni ce na yi karaf na amsa a madadinsa, na ce babu ko ɗaya, har da rantsuwa. Likita ya dube ni ta saman tabarau, ya ce shi dai tun da yake aiki bai taɓa ganin man zaitun ya yaga dodon kunne ba, wannan yagewar irin ta bugun iska ce mai ƙarfi. Ya ce sau da yawa dodon yana haɗewa da kansa cikin mako shida zuwa takwas, in an kiyaye. Kada ruwa ya shiga, kada a ɗiga komai sai abin da shi ya rubuta, kada a face hanci da ƙarfi, a nisanci ƙarar injina. Ya ce a dawo ranar sha huɗu ya ga ko ya fara haɗewa ko ƙwayar cuta ta shiga, domin in ta shiga aka yi sakaci, jin zai iya tafiya ya ƙi dawowa. Na fito ina cewa a raina likita yana kare 'yar gidansu ne.

Ranar Lahadi da hantsi, mun gama shan shayi, Baba ya miƙo mini wayarsa ya ce in ƙara mata murya don ba ya jin kira. Ina cikin lalube yatsana ya taɓa saƙonninku, sai ga muryarka ta cika falon. Saƙon Laraba ne, minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na ji kana ce wa Baba kunne da kafiretar mota duk abu ɗaya ne, rami ne ya toshe, kuma shi ya fi kowa sanin yadda ake buɗe rami. Ka ce a rage wa injin iska ƙarfi, Baffa ya ja tiyon baya kamar taƙi ɗaya, a ba shi iska sau ɗaya tak. Ka ce ai likitoci ma suna cewa a toshe hanci a hura, to wannan ya fi sauri ne kawai. Ka rufe da cewa kada a gaya wa Hedimasta, in ba haka ba za a sha lacca har a yi barci. Kuna dariya, ina jin ta Baba a cikin amsarsa. Kafin in dawo hayyacina saƙo na biyu ya biyo baya da kansa, na yammacin Alhamis, bai kai minti ɗaya ba. Maganar a fili take. Ka ce a ce maganin asibiti ne, tunda Yaya ce ta kawo shi da kanta ba za ta iya tayar da hayaniya a gida ba.

Umma ta miƙe ta shige kicin ba sanda. Baffa ya tuna yana da wani uzuri a waje. Baba kuwa ya juya mini kunnen dama ya zuba wa bango ido, karo na farko da rashin jin ya yi masa rana. Ni kuma aka bar ni zaune da waya a hannu.

Saƙon farko zan iya yafe shi tun kafin ka roƙa. Rashin sani ne ya haɗu da ƙauna, ka ji ubanka cikin damuwa ka ba shi abin da hannunka ya saba. Makanikai uku ne kuka taru, kowa a cikinku ya buɗe ramuka dubu da tiyon nan, ba wanda ya tsaya ya tuna cewa a ƙarshen ramin kafireta ƙarfe ne, a ƙarshen ramin kunne kuwa wata 'yar fata ce da ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. Amma na biyun, Auta, shi ne ya fi yi mini ciwo. Ka zauna ka auna ni, ka gano inda nake da rauni, ka san in aka ce laifina ne zan yi shiru a gida in cinye kaina. Sannan da safe ka kira ni da muryar tausayi ka tura ni in ci mutuncin baiwar Allah da ba ta yi mana komai ba sai alheri. Ni ce na koya maka haɗa baƙi a ƙarƙashin matakalar bene. Ni ce na tsaya a gaban Baba lokacin da ya ce boko ya isa haka, na ce za ka iya haɗa gareji da makaranta, kuma ka iya. Ranar da ka kira ka ce ka sa wa 'yarka sunana, a ofis na zauna na yi kuka har mai shara ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ban taɓa zaton a bayan idona ni abar dariya ce da ake kewaye wa ba. Kwana huɗu mutum huɗu suna kallona ina zargin hannuna duk lokacin da na ga kwalbar man nan.

Tunda laccar Hedimasta kake gudu, to ga ta, kuma a rubuce, ba yadda za ka yi ka katse ni. Ba don in huce nake yin ta ba. A kiran bidiyon da muka yi watan jiya na ga mai ɗakinka tana juya tsinken auduga a kunnen takwarata bayan wanka, na yi shiru don kada a ce na fara. Yanzu na daina irin wannan shirun.

Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce. Jiki ne yake yin ta don ta kama ƙura, ta hana ƙwari da ƙwayoyin cuta wucewa, kuma tana fitowa da kanta a hankali yayin da mutum yake tauna da magana. Abin da ya fito bakin kunne shi ake gogewa da tsumma mai laushi a kan yatsa, shi ke nan. Duk abin da aka zura ciki, tsinken auduga ne, ashana ce, makulli ne, murfin biro ne, kaɗan yake ɗebowa, sauran ya danna shi can ciki kamar mai ɗura buhu. Haka Baba ya yi shekaru yana yi wa kansa. Kai ma da kake wuni da robar toshe kunne saboda ƙarar injina, ka sani tana tura dauɗar baya. Kada ka daina sa ta, don tana kare maka ji, amma ka riƙa wanke ta, kuma in ka ji kunne ya yi nauyi ka yi abin da aka ce Baba ya yi: man zaitun ko maganin ɗigo na kantin magani na 'yan kwanaki, ka kwanta ta gefe minti biyar bayan kowane ɗigo. In bai buɗe ba, ma'aikacin lafiya ya wanke da ruwan ɗumi ko ya tsotse da na'ura. Amma in akwai zafi, ko ruwa na fita, ko an san dodon ya taɓa fashewa, ba a ɗiga komai sai an duba.

Ba kuma kowace toshewa ce dauɗa ba. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa bayan dodon kunne da maƙogwaro, ita take daidaita iskar ciki da ta waje. In mura ta kama mutum ko hancinsa ya kumbura, hanyar takan rufe, sai kunne ya yi dum. Wannan ko ka shekara kana sosawa ba za ka kai gare shi ba, don a bayan dodon yake. Maganinsa a bi da murar, a sha ruwa, a shaƙi tururin ruwan zafi, a yi haƙuri na 'yan kwanaki. Irinsa ne yake kama ka a jirgin sama in za ku sauka. Nan sai ka yi hamma, ka haɗiye yawu, ko ka tauna cingam, takwarata kuma a ba ta nono ko ruwa ta riƙa haɗiya. Toshe hanci a hura da ka kafa hujja da shi, a nan ne wurinsa, kuma a hankali ake yi, da numfashin mutum na kansa, daga ciki, in an ji zafi a bari. Ina wannan ina injin da yake tayar da tayar babbar mota? In kuwa ruwa ne ya shiga wurin wanka ko iyo, a karkatar da kai, a ɗan ja fatar kunnen, a bar shi ya gangaro, a goge waje da tawul.

Akwai kuma inda ba a jira ko kaɗan. In kunne yana zafi da zazzaɓi, ko mugunya ko jini na fita, ko jiri ya zo tare da toshewar, ko ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda ba mura ba komai, a ranar ake zuwa asibiti. Takwarata ta kusa fara tsince-tsince. In ta cusa ƙwayar wake ko dutsen ado a kunne, kada kowa ya ce zai ciro da tsinke, ƙara tura shi za a yi. In ƙaramin batirin agogo ne, ko takalmi kada ku tsaya nema, ku garzaya asibiti. Ka karanta wa mai ɗakinka wannan sashen, ka ce daga yayarta ne, kuma ba faɗa ba ne. Lacca ta ƙare. Ka ga ko barci ba ka yi ba.

Ranar Litinin na koma asibitin. Na jira sai da bencin ya cika kamar yadda yake ranar Juma'a, na nemi babbar nas ta fito, sannan na ba yarinyar haƙuri da murya daidai da wadda na ci mutuncinta da ita. Na faɗi abin da ya faru, ban ambaci sunanka ba, na ce mu ne a gida. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Ta kama hannuna biyu ta ce in daina, ita ba ta riƙe ni ba. Sai ta ƙara da murmushi cewa ai ni na koya musu a ɗakin gwaji, in sakamako ya zo a karkace, kafin a zargi magani a tambaya wa ya taɓa kwalbar a bayan ido. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya ta roƙa, in tabbata Baba ya zo ranar sha huɗu.

A nan gizo yake saƙar, domin ƙaryarku ta riga ni fita. Baffa ya baza ta a gareji tun ranar Juma'a, yanzu duk layin an san asibiti ya lalata kunnen Mai Kunne. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta fasa kai 'yarta da kunnenta yake ruwa, sai da na je na zauna da ita. Shi kuma Baba ya ce ba zai koma ba. In ya koma, mutanen gareji za su ce me ya mayar da shi wurin waɗanda suka cuce shi, in kuma ya faɗi gaskiya ya zama abin dariya, shi da ƙaninsa da ɗansa. Shekaranjiya na kama shi zai yi wanka ba tare da ya toshe kunnen da audugar da aka shafa wa man shafawa ba, kamar yadda likita ya ce. Baffa har yanzu yana cewa da an ƙara ja da tiyon baya kaɗan da an dace. Na yi magana har na gaji. Amsar Baba ɗaya ce, wai yaron da yake gyara injin da ya fi gidan nan girma bai ce a koma ba. Ni 'yarsa ce mai karatu, yana alfahari da ni a gaban baƙi. Amma kai ne abokin sana'arsa, maganarka ce take shiga.

Jiya da safe na biya na gaida su Umma, na tayar da motata zan tafi makaranta, na koma ciki ɗauko jakata. Da na fito na tarar Baba ya buɗe gaban motar, yana tsaye da doguwar sukudirebarsa. Ka san motar nan da 'yar ƙarar da take yi tun bara, wadda yake tsokanata da ita kullum yana cewa in kawo ya duba in na sami hutu. Ya ɗora bakin a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnen dama, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Sai na ga ya mayar da ita kunnen hagu, yana juya wuya kamar mai rubutu da hannun da bai saba ba. Bai san ina bayansa ba. Da ya juyo ya gan ni, sai ya rufe gaban motar, ya goge hannu a riga, ya ce injin lafiyarsa ƙalau. Auta, ƙarar tana nan. Ni da ban san komai a mota ba ina jin ta daga bakin ƙofa.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba haƙuri nake nema ka ba ni ba, wannan tsakaninmu ne, yana iya jira. Ka yi wa Baba saƙon murya, kada ya gaza minti huɗu, tsawon wancan. Ka ce masa shawararka ce ta yaga kunnen, ba man zaitun ba. Ka ce masa kai da ka san injin jirgi ba ka san kunne ba, likita ne makanikin wannan. Ka ce ya toshe kunnen in zai yi wanka, ya bar gareji na 'yan makonni, ya bi ni ranar Laraba. Ka yi wa Baffa nasa daban, ka ce ya koma layin garejin ya kwashe abin da ya zubar, in ya ga dama ya ɗora laifin duka a kanka, kai kana nesa, dariyarsu ba za ta iso ka ba. In ka yi haka ka ba Baba hanyar da zai bi ya koma asibiti da mutuncinsa. In ka yi shiru, ni zan ci gaba da roƙonsa har ranar, amma na riga na san amsar da zan samu.

Umma tana gaishe ka. Ta ce in faɗa maka ita tsoro ne ya rufe mata baki, kuma tun ranar ba ta iya haɗa ido da ni sosai, ko da yake na ce mata ya wuce. Baffa bai ba da saƙo ba, amma na san zai ce a gaishe ka. Maigidana da yaran suna gaisuwa, babbar ta ce a tuna maka alkawarin hoton jirgi. Ka gaida mai ɗakinka da kyau, ka sumbaci takwarata a goshi, ka ce uwarta ta nan tana kewarta. Allah ya ba Baba lafiya, ya mayar masa da jinsa, ya shirya mu baki ɗaya.

Saƙonnin nan biyu ban goge su ba, suna nan a wayar Baba, kuma wayar tana hannuna. Ina duba ƙasansu safe da yamma, a daidai lokutan da nake ɗiga masa mai a dā. In na ukun ya shigo, ni zan kai masa da kaina. Ka ɗaga murya, ka yi magana a hankali, a kunnen hagu zan kara masa.

Wassalam. Taka har kullum, ko da ranta a ɓace,

Yayarka, Hedimasta.